Numfashin Tarwaɗa

Shekara goma sha bakwai Malam Kalilu ya yi yana aiki a ɗakin binciken kifi na wata babbar makaranta da ke gefen Lafiya. A duk shekarun nan ba a taɓa kiransa ofis don laifi ba sai ranar wata Talata, kuma a kan tarwaɗa.

Shi ba malami ba ne, ba kuma ɗalibi ba. A aji huɗu na firamare ya ajiye boko ya bi ubansa su a kogin Binuwai, ya yi ta jan koma har gwiwoyinsa suka fara ƙin kwalekwale, sannan ya hauro tudu. Aikinsa a ɗakin shi ne wanke kwalabe, canza wa kifi ruwa, ta da janareta in an ɗauke wuta, da riƙe makullai. An ba shi farar riga irin ta likitoci yana ɗorawa a kan kaftaninsa. Ɗalibai kan shigo su fita, wasu ma su dawo a matsayin malamai, shi yana nan a bakin famfo.

A wannan zangon wata ɗaliba ce ta tare a ɗakin, Erdoo, 'yar Tibi daga wajen Assakio, mai saurin magana da saurin fushi da saurin hucewa. Aikin kammala karatunta shi ne ta auna yawan iskar da tarwaɗa ke sha a cikin ruwa. Masu boko sun ce akwai iska narke a ruwa kamar sukari a shayi, oksijin suke ce mata, ita ce kifi ke rayuwa da ita. Yadda ake awon kuwa ba wuya. A hana kifi abinci kwana guda, a ɗora shi a sikeli, a saka shi a wata babbar kwalbar gilashi mai murfin roba, a cika ta da ruwa fal, a rufe ruf. Ta wata 'yar kafa a murfin ake zura sandar na'ura, ita kuma ta riƙa nuna lamba. Sai a naɗe kwalbar da baƙar leda don kifin ya natsu, a zauna minti arba'in ana rubuta yadda lambar ke sauka. Abin da ya ragu a ruwan, shi kifin ya sha.

Shekara da shekaru da karfasa ake wannan awo, Kalilu ne ke cika kwalba ya rufe, ba a taɓa samun matsala ba. Bana ne Dokta Orshi, malamin da ke duba aikin Erdoo, ya ce a gwada tarwaɗa, tunda ita ce kowa ke kiwo daga Kwandere har Shabu.

Mako uku yarinyar nan tana zaune gaban na'ura, lamba ta ƙi sauka. Ta fara a bakwai, bayan minti arba'in tana shida da rabi. Aka canza batir. Aka aro wata na'urar daga wani sashe. Duk ɗaya.

"Baba, wannan kifi naka azumi yake yi ne?" in ji ta wata rana, ta jefar da biro. "Ba ya shan komai fa. Ni za a ce na zauna a hostel na rubuta lamba da kaina."

"Tana sha, 'yata," in ji Kalilu, yana goge hannu. "Ai ga ta nan garau."

Ranar Talatar nan Dokta ya gaji da jin labari ya sauko da kansa. Mutum ne dogo, mai tabarau, ba ya da hayaniya, amma in ya yi shiru kowa a sashen sai ya kama kansa. Ya dubi na'ura, ya dubi littafin Erdoo, sai ya sa hannu ya yaye baƙar ledar.

Tsakanin ruwa da murfi akwai fili, kimanin faɗin yatsa biyu. Suna tsaye kuwa tarwaɗar ta taso a hankali, ta fito da baki saman ruwa, ta haɗiyi iska, ta koma ƙasa ta kwanta.

"Wa ya cika wannan?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Yau ne kawai, ko kullum?"

"Kullum."

Erdoo ta ɗora hannu biyu a ka. "Baba! Sati uku! Abeg, me na yi maka?"

A ofis Dokta ya yi masa bayani, kuma gaskiya bai ɗaga murya ba. In akwai iska a saman kwalba, in ji shi, kifin zai riƙa sha daga can, ruwan ma zai riƙa jan wata iskar daga can, to me aka auna? Ba a auna komai ba. An ɓata ruwa, an ɓata fetur, an ɓata wa yarinya mako uku.

"Na ji, Dokta. Amma tarwaɗa ce fa. Je ka kasuwa ka duba matan da ke sayar da ita. Wace ce ka ga ta cika baho ta rufe? Ko a jarka za a kawo ta daga Kwandere, sai an yanke saman jarkar, ruwa rabi. Karfasa ta ruwa ce zalla. Ita wannan ƙafa ɗaya tana ruwa, ƙafa ɗaya tana tudu. Ka rufe ta fal, ka nutsar da ita."

"Kifi ne zai nutse a ruwa, Malam Kalilu?"

"Wannan dai na nutsewa. Na ga ta mutu a raga a ƙasan kogi, ruwa na gudu ta kanta."

"Minti arba'in ne kawai."

"To, ranka ya daɗe, a toshe maka hanci minti arba'in, sai a dawo a tambaye ka ko kaɗan ne."

Dokta ya cire tabarau ya murza ido. Ya jawo wata takarda da aka riga aka buga ya karanta masa, yana juya ta zuwa Hausa. Takardar ta ce shi Kalilu ya yi sakaci wajen cika kwalba, yana neman afuwa, kuma daga yau zai cika kamar yadda aka umarce shi.

"Ka sa hannu a nan, magana ta mutu, ka ci gaba da aikinka. In ba ka sa ba, dole in kai rahoto sama, kuma ka san kai ba ma'aikacin dindindin ba ne. Ba kwamiti, ba komai. Makulli kawai za su ce ka ajiye. Ba na son haka. Je ka da ita gida, ka kawo gobe."

Da la'asar Kalilu ya tarar da matarsa Dijatu tana tankaɗen garin rogo a tsakar gida. Ya ba ta labari tun daga farko. Ba ta tsaya da tankaɗenta ba.

"To dangwala musu mana. Yatsan ne zai gutsure?"

"Sun rubuta sakaci."

"Su rubuta hauka ma in sun so. Takarda ce."

"Dijatu, sakaci shi ne mutum ya manta. Ni ban manta ba. Da gangan na yi, da idona biyu, yatsa biyu nake aunawa kullum. In ce sakaci ne, na yi wa kaina ƙarya, na kuma yarda gobe in nutsar da ita da hannuna."

"Kifin da za a yi farfesunsa ran Juma'a? Kai da ka kashe kifin da ya fi gashin kanka yawa, yau kuma ka zama lauyan tarwaɗa?"

"Na kashe don a ci. Sanda ɗaya a ka, shi ke nan. Ban taɓa zama da agogo ina kallon wata tana neman numfashi ba."

Ta kaɗe rariyar a gefen kwano, ta dube shi sama da ƙasa. Shekara talatin ta san shi. "Taurin kan nan dai da shi za a binne ka," ta ce. "In sun kore ka kada ka zo ka zauna mini a nan kana ƙirga mini itace."

Da safe ya isa kafin kowa, ya share ɗaki, ya canza ruwa, ya ta da janareta. Da Dokta ya shigo, Erdoo na biye da shi da kumburarren ido, sai ya miƙa takardar yadda aka ba shi.

"Ban sa ba, ranka ya daɗe. Amma ga magana. Gani ya kori ji. A kawo kwalba, ni da kaina zan cika ta fal, ko ƙwayar kumfa ba za ka gani ba. Kada a naɗe ta da leda, kowa ya gani. In ta kai minti arba'in tana kwance lafiya, kawo tawada, yatsu goma zan dangwala, in ƙara da na ƙafa."

Dokta ya ce, "Na yarda. Amma ba ka taɓa murfin sai lokaci ya cika."

"Mu dai fara."

Kalilu ya zura hannu a tanki ya kamo wata mai rabin kilo, baƙa sumul, ta naɗe wutsiya a hannunsa. Aka ɗora a sikeli, Erdoo ta rubuta. Ya saka ta a kwalba, ya tsiyaya ruwa har ya tumbatsa, ya danna murfi ruwa ya fito ta kafar, ya zura sandar na'ura. Dokta ya leƙa ta gefe, ya leƙa ta sama. Ba kumfa.

"Ashe ka iya," ya ce.

"Ban taɓa cewa ban iya ba."

Erdoo ta danna agogon wayarta. Lamba ta tsaya a bakwai.

Minti biyar na farko tarwaɗar na kwance, gashin bakinta kawai ke motsi. Lamba ta sauko shida da ɗigo uku. Fuskar Erdoo ta fara sakewa, biro na gudu.

"Ka gani, Baba? Yana sauka! Tun sati uku da haka ya yi, da yanzu na gama chapta huɗu."

Kalilu ya harɗe hannu a baya yana kallon gilashi.

Wajen minti takwas tarwaɗar ta taso, kamar yadda ta saba, ta kai baki sama, sai ta ci karo da roba. Ta koma ƙasa. Ta sake tasowa ta wani gefen, ta bi murfin da baki tana lalube, kamar mai neman sakatar ƙofa a ɗakin da ba nasa ba. Lamba ta faɗo biyar. Daga nan ba ta ƙara kwanciya ba. Ta yi ta zagaye, tana dukan gilashi da wutsiya, ruwa na kaɗawa, lamba kuwa sai gangarowa take yi kamar keke ya tsinke birki. Huɗu. Uku da rabi.

"Minti nawa?" in ji Dokta.

"Sha tara, sa."

"Ci gaba da rubutawa."

Erdoo ta ci gaba da rubutu. A minti ashirin da biyar lamba ta sauka ƙasa da biyu. Tarwaɗar ta daina zagaye. Ta manna baki a murfi ta tsaya a tsaye, gefen kanta na buɗewa yana rufewa da sauri. Can sai jikinta ya fara karkata, farin cikinta ya leƙo.

"Dokta," in ji Kalilu.

"Na gani. Suna da juriya, za ta farfaɗo. Saura minti goma sha biyu."

"Ba ta da su."

"Malam Kalilu, mun yi magana."

"Kai ka yi magana. Ni cewa na yi mu dai fara."

Ya taka ya isa teburin, ya zare sandar na'urar ya ajiye a hankali, don ya san tsadarta, ya sa babban yatsa ya ɓalle murfin. Ya karkata kwalbar ya zubar da ruwa kaɗan a ƙasa. Tarwaɗar ta fito da kai ta haɗiyi iska da wata ƙara, har Erdoo ta zabura. Ta sake haɗiya. Ta sulale ƙasa, ta daidaita, ta kwanta a cikinta.

Janareta na ta ruri a waje.

"Ka san abin da ka yi?" Muryar Dokta ta yi ƙasa sosai.

"Na sani. Bari in tambaye ka abu ɗaya, ranka ya daɗe, kai ne mai ilimi. Lambar nan da yarinya ta rubuta yanzu, ta wace ce? Ta tarwaɗar da ke kwance a kududdufin Kwandere, ko ta wadda aka shaƙe tana haukan neman fita? In kare ya biyo mutum ka tare shi ka auna numfashinsa, sai ka rubuta a littafi cewa haka mutanen Lafiya ke numfashi?"

Dokta ya jawo littafin Erdoo ya bi lambobin da yatsa, daga inda suke sauka a hankali zuwa inda suka rufta. Ya daɗe a wurin.

"Akwai na'urar da ke auna duka biyu," ya ce daga baya. "Ta ruwa da ta saman ruwa, kifin na tasowa yadda ya ga dama. Shekara huɗu ina rubutawa a sayo mana. Ba mu da ita."

"To ku rubuta ba ku da ita. Kada ku rubuta Kalilu ya yi sakaci."

"Wannan daban, wannan daban!" Yanzu kam Dokta ya ɗaga murya, har wani ɗalibi da ke wucewa ya leƙo ta taga ya janye kai. "Ko da kana da gaskiya a kan kifin, mako uku kana kallon yarinyar nan tana kuka a kan na'ura, kana sane da dalili, ka yi shiru. Me ya hana ka buɗe baki?"

"Shekara goma sha bakwai ina ɗakin nan. Wa ya taɓa ce mini, Kalilu, kai da ka girma a ruwa, me ka sani game da wannan? Wanke, cika, rufe, ta da inji. Da na faɗa, da kun yi dariya kun sa wani ya cika."

"Da ka gwada mu."

"Jiya na gwada. Kifi ne zai nutse a ruwa, ka ce."

Dokta ya mai da tabaransa. Ya ɗauki takardar, ya ciro biro, ya ja layi a kan kalma ɗaya. "Na cire sakaci. Saura alƙawarin bin umarni. Ba zan iya riƙe mutum a ɗakin bincike yana zaɓen umarnin da zai bi ba, ko ubana ne. Gobe in ka ga wani abin bai yi maka ba, sai ka gyara a ɓoye, mu kuma mu buga ƙarya da sunanmu. Sa hannu, Malam Kalilu. Don Allah."

Kalilu ya dubi takardar. Ya san mutumin ya sauko iya saukowarsa, ya kuma san akwai gaskiya a maganarsa. Ya san abin da ke jiransa a gida, da yadda garin yake ga dattijon da ba takarda. 

"In na sa, gobe aka ce cika wa tarwaɗa fal, sai in cika?"

"Sai ka cika, in an yanke haka."

"To a ba wani."

Ya cire farar rigar ya ninke ta gida huɗu ya ajiye a kan kujera. Ya kwance makullai daga ƙugunsa, guda shida, ya jera a tebur yana faɗa wa Dokta na ko'ina, ya ƙara da cewa na sito sai an ɗaga ƙofar sama kaɗan yake buɗewa, janareta kuma yana shan mai, a riƙa dubawa. Sannan ya ɗauki kwalbar ya juye tarwaɗar a tanki, ya wanke kwalbar ya kife. Dokta na tsaye da takarda a hannu, bai ce tafi ba, bai ce tsaya ba.

Kalilu ya kusa bakin get ya ji takun gudu a bayansa. Erdoo ce, littafi a hannu, tana haki.

"Baba, ka tafi haka? Ka lalata mini aiki, ka tafi ka bar ni da shi?"

Ya tsaya ya juyo. "Ke kam na yi miki laifi, 'yata. Su ba zan ba su haƙuri ba, amma ke ki yi haƙuri. Da ke ya kamata in yi magana tun ranar farko. Girman kai ne ya hana ni."

Ta share ido da bayan hannu, har yanzu fuska a murtuke. "Haƙuri ba zai rubuta mini chapta ba. Dokta ya ce in zauna, za mu sake tsara komai daga farko. Yanzu wa zai kama mini kifin? Ni ina tsoron ƙayan shi. Ya taɓa soke ɗan ajinmu Terngu, hannun ya kumbura kamar doya."

"Kawo hannunki."

Ta miƙa. Ya riƙe tsintsiyar hannunta kamar ita ce tarwaɗar, ya ɗora tafinsa a sama, ya zura yatsa ɗaya ta nan, ɗaya ta can.

"Ta sama za ki zo mata, ba ta gaba ba. Tafin hannu a kan ƙoƙon kai. Ƙayoyin biyu ne, dama da hagu, ki sa yatsunki a bayansu, ki danne. Kada ki matse ciki. In kina tsoro tana ji, sai ta fizge miki. Ki jiƙa hannu tukuna."

"In ya soke ni fa?"

"Za ta soke ki. Ki tsoma a ruwan zafi, iya zafin da za ki jure. Sau biyu za ta yi miki, na uku kin iya."

Ya saki hannun, ya gyara hularsa, ya fita titi ya ɗaga wa mai keke hannu.